Hannu ne ya shanye, me ya kawo hoton zuciya?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Iyalina ta haihu, saura kwana shida a yi arba'in sai ƙafafunta suka kumbura, ba ta iya kwanciya sai ta jingina da bango saboda haki. Ranar Talata da asuba bakinta ya karkace, hannun dama ya saki, magana ta ƙi fita. Inna ta ce iska ce. A asibiti an ɗauki hoton kai, yanzu kuma wai sai mun je Kano an yi hoton zuciya. Tumaki biyu na riga na sayar. Me ya haɗa zuciya da hannu?
Wani magidanci daga karkarar Ringim

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ba ta lafiya, ya raya abin da aka samu. Kada ka fasa tafiyar nan.

Ka tuna jinin rago ranar layya. Muddin yana gudana ruwa ne, da ya kwanta a rami sai ya daskare. Haka yake a cikin zuciyar da ta yi rauni: ba ta matse jinin duka, saura ya kwanta a lungu ya zama guda. Wata rana ɓarɓashinsa ya ɓalle, ya bi jijiyar wuya, ya toshe hanya a ƙwaƙwalwa. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke riƙe da hannun dama, a yawancin mutane kuma har da magana. Hoton kai ya nuna ɓarnar, amma bai nuna inda gudan ya fito ba. Kusan ɗaya cikin huɗu ko biyar na irin wannan toshewar daga zuciya take.

Kumburi da hakin da ka ambata su suka fi tsaya mini a rai. Ciwon zuciyar masu jego ya yi yawa a ƙasar Hausa fiye da kusan ko'ina a duniya. Likitocin Zariya sun rubuta a kansa tun shekarun 1970, har suka ɗora zargi a kan kunun kanwa da wankan jego da kwanciya kan gadon wuta. Ban ga maiɗakinka ba, don haka ba zan yanke hukunci daga wasiƙa ba. A hoton zuciyar ana kuma duba murfin zuciya, wato ƙofar da ke hana jini komawa baya, wanda ciwon maƙogwaron yarinta da ba a yi wa magani ba kan lalata shi.

Hoton, da likitoci ke kira eko, ɗan'uwan sikanin ciki ne da aka yi mata a awo. Za ta kwanta ta gefen hagu, a shafa mata wani mai sanyi mai yauƙi a ƙirji, a riƙa goga kan na'ura tsakanin haƙarƙari. Ba allura, ba ciwo, wajen rabin awa, kuma ba ya cutar da ruwan nono. Ana yin sa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A takardar sakamakon za ka ga haruffa EF da lamba, wato kashi nawa cikin ɗari na jini zuciya ke turawa a kowane bugu: zuciya lafiyayya kan ba da 55 zuwa sama, ƙasa da 45 alamar rauni ce. A haɗa da gwajin ECG, shi ke kama bugun da ya rikice.

In an ga gudan jini, asfirin kaɗai ba zai wadatar ba, sai maganin tsinka jini irin su wafarin, wanda ke son gwajin jini akai-akai kuma mai shayarwa na iya sha. Kada a saye shi a kemis da ka.

Kanwa dai a ajiye ta daga yau, a rage gishiri da dunƙule, ruwan wanka ya zama mai ɗumi kawai. Inna kuma kada ka yi jayayya da ita. Ka tafi da ita Kano ta riƙe jinjirin, ka roƙi mai hoton ya juyo mata allon ta ga zuciyar surukarta tana bugawa. Kafin ku baro asibitin, ku tambayi likitan zuciya batun sake ɗaukar ciki.