Me kifin morai yake ci a akwatin ruwan gishiri, kuma sau nawa a mako?

Tambaya: Assalamu alaikum, Dakta. Ina zaune a Bauchi, kuma wata uku ke nan da na sayo kifin morai, dogon kifin tekun nan mai kama da maciji, daga Legas, irin mai farin jiki da ɗigo-ɗigon baƙi da rawaya, tsawonsa kamar santimita 35. Yana cikin akwatin gilashi mai cin lita 300 na ruwan gishiri. Kullum bakinsa a buɗe yake kamar mai jin yunwa, saboda haka nake yanka masa ƙarfasa ko ƙananan tarwaɗa kowace rana. Yau kwana tara bai taɓa komai ba, ruwan ma ya fara dusashewa. Mene ne abincinsa na gaskiya, kuma sau nawa ya kamata a ba shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bari in fara da buɗe bakin nan, domin shi ne ya jawo duk sauran matsalar. Morai ba shi da faffaɗan murfin matsatsa irin na ƙarfasa, ƙananan ramuka ne kawai a gefen wuyansa, don haka dole ya riƙa buɗe baki yana rufewa domin ya tura ruwa ta kan matsatsarsa ya sami iska. Abin da kake gani numfashi ne, kuma ko ya ƙoshi har wuya haka zai ci gaba da yi. Masu kiwo da yawa sun karanta wannan a matsayin roƙon abinci, suka yi ta ɗura wa kifin har ya lalace.

Daga siffar da ka bayar, kifinka shi ne wanda masana ke kira Echidna nebulosa, ɗan tekun Indiya da Fasifik, mai zama cikin ramukan duwatsun murjani. Dangin morai sun kai kusan iri 200, amma wajen ciyarwa kashi biyu ne suka dame mu, kuma haƙori ne yake raba su. Akwai masu dogayen haƙora masu tsini, kamar yawancin 'yan gidan Gymnothorax, waɗanda farautar kifi ce sana'arsu. Akwai kuma masu gajerun haƙora masu dakushi, waɗanda aka halitta don fasa ɓawon ƙaguwa da jatan lande, kuma naka yana cikinsu, shi da ɗan uwansa mai zane irin na jakin dawa, Gymnomuraena zebra. Ke nan abincin da ya dace da shi tun asali shi ne mai ɓawo, kifi kuwa ƙari ne. Wannan bai hana shi haɗiye ƙaramin kifin da ya shige masa baki ba idan ya girma, don haka ka kula da abokan zaman da kake zuba masa.

To me ya hana ƙarfasa da tarwaɗa, alhali ga su nan da araha daga madatsar Gubi ko Dadin Kowa? Kifin teku yana buƙatar wasu nau'o'in mai, waɗanda ake kira omega 3, da yawan da kifin ruwan daɗi ba ya samar masa, musamman na gona wanda aka kiwata da abincin buhu. Idan aka ɗore a kan irin wannan ciyarwa, kifin zai yi ƙiba a ido alhali kitse yana taruwa a hantarsa, kuma cutar ba ta nuna kanta sai ta yi nisa. Akwai kuma wani sinadari mai suna tiyaminez wanda yake rusa bitamin B1 a jikin mai ci. Yana da yawa a jajayen kifayen ado da 'yan kasuwa kan sayar a matsayin abincin manyan kifaye, ana kuma samunsa a wasu kifayen teku irin su shawa da sardin, har ma da wasu nau'o'in jatan lande. Ƙanƙara ba ta kashe shi. Abinci ya daɗe a firiza, bitamin ɗinsa yana ta raguwa. Ƙarancin B1 kan bayyana da ƙin cin abinci, rashin kuzari da rikicewar iyo. Wannan ne dalilin da ya sa ko abincin da ya dace ma ba a tsayawa a kan guda ɗaya.

Abin da nake ba ka shawara shi ne ka mai da ɗanyen jatan lande na teku ginshiƙi, ka riƙa barin ɓawonsa a kai a wasu lokuta, sannan ka riƙa sauyawa da naman ƙaguwa, da sukwid (wata dabbar teku mai laushin jiki da hannuwa da yawa), da naman kifin teku marar yawan mai kamar panla. Titus yana da mai sosai kuma yana ɓata ruwa da sauri, saboda haka ɗan yanki jifa-jifa ya isa. Na san a Bauchi panla da titus ne suka fi sauƙin samu wajen masu kifin ƙanƙara, jatan lande da sukwid kuwa sai an yi saƙo daga Jos ko Abuja ko Legas. Tun da kifi ɗaya ne, rabin kilo zai kai ka makonni masu yawa: ka yanka shi ƙanana, ka ƙulla rabon kowace ciyarwa a leda daban, ka daskarar. Sai dai da halin wutar lantarkinmu, duk ƙullin da ya narke ya sake daskarewa har ya canza wari, na shara ne. Busasshen kirefish na miya, da kifin banda, da dafaffen jatan lande mai gishiri ko kayan yaji, da naman kaza ko na shanu, duk ba su da wuri a akwatinka. Idan ka sami ruwan bitamin na kifayen teku, ka ɗiga a kan abincin sau ɗaya a mako kafin ka ba shi.

Yanzu ga yawan ciyarwa. Morai mafarauci ne mai kwanton ɓauna, yana ci ya ƙoshi sannan ya koma rami ya kwashe kwanaki yana narkarwa. Ƙarami wanda bai kai santimita 30 ba ana iya ba shi bayan kowace kwana biyu. Naka mai santimita 35 sau biyu a mako ya wadace shi, misali Litinin da Alhamis, idan kuma ya kai cikakken girmansa na wajen santimita 60, sau ɗaya ko biyu a mako. A kowace ciyarwa ka ba shi yanka biyu zuwa huɗu, kowanne bai wuce faɗin kansa ba, ka dakata da zarar ya daina rawar jiki a kan abincin. Idan ya amayar da abin da ya ci bayan wasu awoyi, an cika masa ko kuma yankan ya yi girma. Ma'aunin da na fi amincewa da shi shi ne jikin kifin kansa: ya kasance a cike daga bayan kai zuwa tsakiya, ba tare da kan ya fi jiki faɗi ba, ba kuma tare da wuya ya yi tudu kamar na saniyar turka ba.

Kada ka taɓa miƙa masa da hannu. Ganinsa ba shi da ƙarfi, da hanci yake farauta, kuma yatsan da ya taɓa jatan lande jatan lande ne a wurinsa. A shekarar 2007 Rita Mehta da Peter Wainwright na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka nuna cewa morai yana da muƙamuƙi na biyu a cikin maƙogwaro, wanda yake zaburowa gaba ya kama abin da ke baki ya ja shi ciki. Cizonsa kuma yakan ɗauki ƙwayoyin cuta. Ka yi amfani da dogon hantsaki ko tsinken roba marar tsini, ka narkar da abincin a ɗan ruwan akwatin, ka zubar da ruwan narkewar, ka kai yankan kusa da bakin raminsa bayan magariba lokacin da aka rage haske. Duk abin da bai ci ba cikin minti goma ka tsame shi.

Kwana tara ba tare da ci ba bai kai abin tashin hankali ba, domin lafiyayyen morai yakan yi makonni yana azumi ya dawo ya ci abinsa, ko da yake bai kai gaiwa ba, wadda take shafe rani a cikin busasshen taɓo tana cin jikinta. Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne dusashewar ruwan, domin alama ce ta ragowar abinci da kashi sun fi ƙarfin matatarka. Ka dakatar da ciyarwa gaba ɗaya na kwana huɗu ko biyar. Ka auna amoniya da naitirait, sinadarai masu guba da kashi da ruɓaɓɓen abinci ke haifarwa a ruwa, waɗanda dole su zama sifili, ka duba nauyin gishiri ya tsaya tsakanin 1.023 da 1.025, ka leƙa bayan duwatsu ka kwashe duk ruɓaɓɓen yanka. Sannan ka canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da sabon haɗi na tataccen ruwa da gishirin akwatin teku, ba gishirin miya ba, ka maimaita bayan kwana uku idan awon bai daidaita ba.

Zafi ma yana da hannu. Wannan kifin ya fi jin daɗi tsakanin digiri 24 da 26, alhali a Maris da Afrilu zafin Bauchi yakan doshi 40, kuma ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai. Narkar da abinci yana ƙara wa kifi buƙatar iska, saboda haka ranar da aka ɗauke wuta famfo ya tsaya, ko ruwan ya haura digiri 28, ka tsallake ciyarwar ranar ko da ita ce Alhamis ɗinsa.

Bayan ruwa ya gyaru, ka gwada shi da ɗan yankan sukwid ko jatan lande, kana ɗan motsa shi a bakin ramin. Idan ya ƙi, ka cire ka sake gwadawa bayan kwana biyu. Idan aka haura wata guda bai ci ba, ko ka ga yana ramewa, ko numfashinsa ya yi sauri, ko wani kumburi ya fito a ƙarƙashin maƙogwaro, wanda kan iya zama maƙoƙo daga ƙarancin aidin, sai ka nemi likitan dabbobi da ya san kifi, ka tafi masa da sakamakon awon ruwan. Kafin nan ka duba murfin akwatin da duk wata kafar da bututu ya bi, domin morai da ruwa ya dame shi yakan nemi hanyar fita da dare.