Ɗan Katsina zai iya shiga buɗaɗɗiyar gasar ches ta duniya ya kara da Giranmasta?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a nan Katsina, wajen Ƙofar Ƙaura nake zaune. Na ɗan jima ina buga ches a waya, retin ɗina (lambar auna ƙarfin ɗan wasa) a dandalin intanet na Lichess ya kusa 1900, kuma cikin abokaina da wuya a samu mai cina. Ina ganin labarin manyan gasanni a Dubai da Doha waɗanda ake cewa ƙofarsu a buɗe take. Da gaske ne in na tara kuɗin jirgi zan iya zuwa in zauna gaban Giranmasta? Ta yaya mutum sama da ɗari ke shiga gasa ɗaya a kammala cikin kwana tara ko goma? Kuma ta nan ne ake samun muƙamin?

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya ƙara basira. Eh, zai yiwu, amma kuɗin jirgi shi ne abu na ƙarshe da za ka tara, akwai abin da ya riga shi.

Manyan gasannin ches iri biyu ne. Akwai wadda ake gayyatar gwanaye goma ko sha huɗu, kowa ya buga da kowa, kamar babban rukunin gasar Tata Steel da ake yi duk watan Janairu a Holan. Wannan ko kana da dukiyar duniya ba ka shiga sai an kira ka. Sai buɗaɗɗiya, wadda kai ne za ka yi rajista ka biya. Ta Reykjavik a ƙasar Aisilan ta samo asali tun 1964, ta Dubai tun 1999, ta Aeroflot a Mosko tun 2002, ta Doha kuma an fara ta a 2014. Sai dai kowace da sharaɗinta. Wasu suna karɓar duk mai lambar rajista ta FIDE, hukumar ches ta duniya wadda aka kafa a Paris a 1924. Wasu kuma, musamman waɗanda aka shirya don masu ƙarfi, sukan ce babban rukuni sai mai retin kaza zuwa sama, su ware wa saura rukuni na biyu. Kuɗin shiga ma hawa-hawa ne: Giranmasta, wato mai muƙami mafi girma da FIDE ke ba ɗan wasa, galibi ba ya biyan ko kwabo, wani ma har masauki ake ba shi, mai ƙaramin retin shi ne ke biyan mai tsoka. Kada ka ga rashin adalci a nan. Zuwan manyan shi ke jawo kowa.

To wane retin ake nufi? Ba na waya ba. Kai Bakatsine ne, ka san yadda ake yi a filin folo: kowane mahayi yana da handikaf ɗinsa, kuma ba shi ke ba kansa ba, sai ya hau an gan shi a fili tare da waɗanda aka riga aka auna. Haka retin FIDE yake. Lissafi ne da wani farfesan kimiyya mai suna Arpad Elo ya tsara, FIDE ta fara aiki da shi a 1970, kuma ba ya ƙirga komai sai wasan da aka buga ido da ido a gasar da aka yi wa rajista. Kafin sunanka ya fito a jeri sai ka buga aƙalla wasa biyar da masu retin, ka kuma samu wani abu a ciki. Tun watan Maris na 2024 mafi ƙanƙantar retin shi ne 1400. Wannan 1900 naka na Lichess ya nuna kana da kai, ban raina shi ba, amma ma'auninsa dabam ne, kuma yawancin masu zuwa daga intanet sukan tarar na FIDE ɗinsu ya yi ƙasa da shi sosai.

Ga yadda lambar ke magana. Wanda ya fi ka da 200, ana sa ran zai kwashe kusan kashi 76 cikin 100 na makin da za ku buga. Wanda ya fi ka da 400, kusan kashi 92. Idan ka ci wanda ya fi ka da 200, retin ɗinka zai ƙaru da kamar 15, in kuma sabon shiga ne kai wanda bai cika wasa 30 ba, ƙarin ya ninka ya kai kamar 30. Shi ya sa yaro mai tasowa ke son buɗaɗɗiyar gasa, babban gwani kuma ke shigarta da taka-tsantsan: in ya ci ƙarami abin da zai samu bai taka kara ya karya ba, in ƙarami ya ci shi kuwa ya yi asara mai ciwo.

Yanzu tambayarka ta biyu, wadda na fi jin daɗinta. Mutum 160 ba za su buga kowa da kowa ba, don kowanne sai ya yi wasa 159. Ba a kuma yin sili-ɗaya-ƙwale, don ba wanda zai biya jirgi da otal a kore shi ran farko. Abin da ake bi shi ne tsarin Suwis, wanda aka fara gwadawa a birnin Zurich a 1895. Ba a fitar da kowa, kowa zai buga duk zagayen, galibi tara. Ci maki ɗaya ne, canjaras rabi, faɗuwa babu komai.

A zagayen farko ana jera 'yan wasa daga mai babban retin zuwa ƙarami, a raba jerin gida biyu. Na 1 ya haɗu da na 81, na 2 da na 82, haka har ƙasa. Ka ga ke nan damar zama gaban Giranmasta ta fi yawa a ranar farko, ga wanda ya faɗo a saman rabi na biyu. Wanda yake can ƙarshen jeri, da na tsakiya zai haɗu. Daga zagaye na biyu sai a koma duba maki: masu ɗaya su kara da masu ɗaya, masu rabi da masu rabi, waɗanda ba su samu komai ba su ma da junansu. Mutum biyu ba sa haɗuwa sau biyu. Ana kuma lura da launi, ba a ba mutum farare ko baƙaƙe sau uku a jere. Kwamfuta ce ke haɗawa, alƙalin wasa ya duba ya liƙa.

Hikimar ita ce kowane zagaye yana rage masu cikakken maki da aƙalla rabi. Daga 160 su koma 80, su koma 40, 20, 10, 5, kuma canjaras na ƙara zaftare su. Kafin zagaye na shida manyan sun tattaru a teburan gaba suna cin junansu, kai kuma gasar ta kai ka inda sa'o'inka suke. Ka ci, gobe a ba ka wanda ya fi na yau. Ka faɗi, a sassauta maka. Wanda ya lashe yakan tashi da maki bakwai ko bakwai da rabi cikin tara. In mutum uku ko huɗu suka yi kunnen doki, wata gasar takan sa su buga wasan gaggawa, wata kuma ta bi lissafin Buchholz, wato a tara makin duk waɗanda ka buga da su, wanda ya bi ta hannun masu ƙarfi shi ke gaba.

Kuma manya na faɗuwa a nan. A Doha a 2023, Magnus Carlsen, wanda ya lashe wannan gasar a 2015 kuma yake na ɗaya a duniya, ya sha kashi a zagaye na biyu a hannun Alisher Suleymenov na Kazakistan, wanda retin ɗinsa 2512 ne, wato Carlsen ya fi shi da sama da 300. Kafin a tashi Karthikeyan Murali na Indiya ma ya ci shi. Nodirbek Yakubboev na Uzbekistan ne ya ɗauki kofin. A gasar gayyata Suleymenov ba zai taɓa samun kujerar da zai zauna gaban Carlsen ba. Wannan ne ya sa ni a wajena buɗaɗɗiyar gasa ta fi kowace daraja ga ƙasashe irin namu.

Batun muƙami. Biyu daga cikin muƙaman FIDE retin kaɗai ke kawo su: 2200 ya ba ka CM (mai neman zama Masta), 2300 ya ba ka FM (Masta na FIDE). Manyan biyun kuwa, IM (Masta na ƙasa da ƙasa) da GM (Giranmasta), sai an haɗa retin da abin da ake kira nom. IM na buƙatar 2400, GM 2500, kowanne kuma da nom da suka game aƙalla wasa 27, wanda a aikace nom uku ke nan. Nom shaida ce cewa a gasa guda mai wasa tara ko fiye ka buga da ƙarfin 2600 in na GM kake nema, ko 2450 in na IM ne. Idan matsakaicin retin abokan karawarka 2380 ne, nom na GM sai ka ci bakwai cikin tara. Idan 2600 ne, huɗu da rabi ya isa. Ba a nan ta tsaya ba: cikin taran nan dole uku su zama Giranmasta, kuma a samu 'yan aƙalla ƙasashe biyu ban da taka. Tun 2022 ma FIDE ta ƙara cewa ɗaya daga cikin nom ɗin sai ya fito daga babbar gasa mai tsarin Suwis. Gukesh na Indiya, wanda ya zama zakaran duniya a Disambar 2024 yana ɗan shekara 18, a buɗaɗɗiyar gasar Delhi ya cika nom ɗinsa na ƙarshe a Janairun 2019, yana da shekara 12.

Ka lura da inda ya cika shi: a ƙasarsu. Nan ne abin ke mini ciwo. Yaron Indiya na iya hawa jirgin ƙasa ya je ya tarar da Giranmasta goma a zaure ɗaya. Namu sai ya nemi biza da dala. Masar ta fitar da Ahmed Adly da ya lashe gasar matasa ta duniya a 2007, da Bassem Amin wanda retin ɗinsa ya taɓa haura 2700. Zambiya ta fitar da Amon Simutowe, Afirka ta Kudu ta fitar da Kenny Solomon. Nijeriya tana da masu IM, har Odion Aikhoje ya ciwo lambar zinare a allo na biyu, wato gurbin ɗan wasa na biyu na tawagar ƙasa, a gasar Olimfiyad ta ches da aka yi a Elista ta Rasha a 1998, amma muƙamin GM ya daɗe yana gagarar mu. Ba ƙwaƙwalwa muka rasa ba. Wanda bai samu Giranmasta uku ya buga da su a gasa ɗaya ba, ko ya cinye kowa ba shi da nom na GM.

Akwai kuma abin da waya ba ta koya maka, kuma shi ke kayar da sababbi tun kafin gwaninta ta yi magana. Wasa ɗaya yakan ci awa huɗu ko biyar, don kowa ana ba shi minti 90 da ƙarin daƙiƙa 30 a kan kowane motsi, wata gasar ma ta ƙara lokaci bayan motsi na 40. Da hannun da ka motsa ɗa, da shi za ka danna agogo. Kowane motsi, naka da na abokin karawa, sai ka rubuta shi da biro a takardar wasa. Ɗan da ka taɓa da niyya, shi za ka motsa in yana da inda zai je. Za ka ga yaro ya miƙa hannu ya kama doki, sai idonsa ya faɗa kan tarkon da ke gabansa, ya tsaya riƙe da shi yana zufa, babu damar mayarwa ya ɗauki wani. A waya allo ne ke hana ka motsin da doka ba ta yarda da shi ba, a nan kuwa alƙali ne zai ƙara wa abokin karawarka lokaci, ka sake a karo na biyu a ba shi wasan. Waya a aljihu faɗuwa ce nan take. A 2019 an kama Giranmasta Igors Rausis da waya a banɗaki ana tsakiyar gasa a Strasbourg ta Faransa, aka dakatar da shi shekara shida, aka kuma ƙwace muƙaminsa.

Sai maganar salla. Wasan da aka fara ƙarfe uku na rana zai iya cin La'asar har ya taɓo Magariba, kuma doka ba ta yarda ka bar harabar gasa ba sai da izinin alƙali. In kai ne da motsi, ko zauren ba ka fita sai ya yarda. Ka same shi tun kafin zagayen farko ku daidaita inda za ka yi, ka kuma sani agogonka ba zai tsaya jiranka ba.

Shawarata, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka nemi lambar FIDE ta hannun Hukumar Ches ta Nijeriya, don ta hannun hukumar ƙasa ake samunta. Ka shiga gasannin cikin gida da aka yi wa rajista, ko da sai ka bi motar dare zuwa Abuja ko Legas, kuma kafin ka biya ka tambaya ko za a aika sakamakon ga FIDE, ko kuma wasan dogon lokaci ne ko na gaggawa, don kowanne retin ɗinsa dabam. Ku haɗa kuɗi da abokanka ku sayi allo da agogo, ku riƙa zama ranar Asabar kuna buga wasan awa ɗaya da rabi kuna rubutawa, bayan an gama ku baje takardar ku bi ta motsi-motsi kafin ku tambayi kwamfuta. Ku je sashen wasanni na makarantarku ku nemi a ba ku zaure. Gasa mai rajista ba ta buƙatar babban filin wasa irin na Karkanda: aji ɗaya mai fanka, alƙali mai lasisin FIDE, rajista ta hannun hukumar ƙasa, da 'yan wasa masu retin da za a gayyato daga wasu jihohi sun isa a fitar da yaran Katsina da Daura a jerin duniya.

In retin ɗinka na FIDE ya doshi 2000, a lokacin tafiya waje za ta biya kuɗinta da ilimi, kuma ka fara da gasar da ke da rukuni na biyu ko wadda ba ta sa iyaka ba. Kyautar kuɗi kada ka sa ta a lissafi, ta manyan teburan gaba ce, in ban da ɗan abin da wasu gasanni ke ware wa wanda ya fi kowa a ajin retin ɗinsa. Ka yi kasafin jirgi da biza da kwana goma na otal da abinci a matsayin kuɗin da ba zai dawo ba, ka kuma aika rajista da wuri, don takardar gayyatar masu shirya gasar tana cikin abin da za ka nuna wajen neman biza.