Amsa ga ƙanenmu mai son buɗe studiyo: fara da fitila ɗaya

Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena na ga tambayarka tun jiya da dare amma kuran ya ɗauke muna a Boukoki, sai yanzu na samu zama. Ka ce kana da Canon 2000D, in ka ɗora filash bisa kamera goshin mutane na ƙyalli kamar an shafa musu mai, baya kuma ya yi baƙi ƙirin, shi ne kake tunanin sayen kit ɗin nan mai fitilu uku da sofbos (akwatin yadi da ke tausasa haske) ka buɗe studiyo. To don Allah ka riƙe kuɗinka tukuna. In ba ka gane fitila ɗaya ba, uku ruɗa ka za su yi, inuwa ta fito ta ko'ina ka rasa wacce ta kawo ta. Ni sai da na yi wajen shekara biyu da filash ɗaya da lema ɗaya ina ɗaukar suna da biki da hoton sallah kafin in ƙara ta biyu.

Ƙyallin nan da ke damunka bari in faɗa maka mene ne. Fatarmu baƙa tana maido da haske kamar madubi, abin da kake gani fari fat a goshi da kan hanci hoton fitilar ne da kanta. Kan filash bai kai tafin hannu ba, don haka tabon da yake bari ƙarami ne mai zafi. In hasken ya bi ta cikin farar lema sai ya zama babba, ƙyallin ya baje bisa kunci da goshi a hankali, a nan ne baƙar fata ke fitowa da kyanta wallahi har kai mai ɗauka sai ka ji daɗi. Sannan filash da ke zaune bisa kamera daga inda idon kamera yake daga nan yake harbawa, ba inuwa ko kaɗan, fuska ta zama kamar faranti. Sauke shi gefe kawai ka ga bambanci.

Kayan da za ka nema ba su da yawa. Filash irin Godox TT600, pil huɗu AA yake ci kuma yana da rediyo a cikinshi, sai tiriga, wato ɗan abin da ake ɗorawa bisa kamera ya aika ma filash umarnin harbawa ta rediyo, kamar X2T na Godox mai aiki da Canon, sai ƙafar ɗora fitila, da maƙalin lema, da farar lema. Amma kafin ka biya ka leƙa wurin da ake zura filash a saman kamerarka. Da yawa cikin 2000D da 4000D da 250D ba su da ɗigon ƙarfen nan babba na tsakiya, kuma da shi tiriga masu araha ke aiki. In naka babu, ka tahi da kamerar shagon a gwada a gabanka, filash ya harba ka gani da idonka sannan ka ba da kuɗi.

Yanzu saiti. Sa kamera a M, wato kai ke saita komi da hannunka, filash ma a M, ka bar TTL, inda kamera ke auna ƙarfin filash da kanta, sai gaba. ISO (yadda kamera ke jin haske) 100 ko 200, buɗin ido f/5.6, vites (saurin ƙiftawar kamera) 1/160. Kar ka wuce 1/200 a wannan kamera, in ka wuce za ka ga baƙin layi ya yanke hoton, labulen cikin kamera ne bai gama buɗewa ba filash ya harba. Fara ɗaukar hoto filash a kashe ka ga yadda ɗakin yake, sannan ka kunna shi a 1/8 na ƙarfinshi ka duba fuska, in duhu ka hau 1/4, kowane mataki ninki biyu ne. Abin da ya ɗauke ni lokaci kafin ya zauna mini a kai shi ne vites ba ruwanta da hasken filash, don walƙiyarshi ta fi ƙiftawar kamera sauri nesa ba kusa ba. Vites hasken ɗaki take taɓawa, wato bayan nan naka da ke baƙi, sauko da ita 1/60 ka ga baya ya fara buɗewa fuska kuma tana nan yadda take. Lambar f da ISO su kam duka biyun suke taɓawa.

Sai nisa, nan ne kan maganar. In fitila na mita ɗaya daga mutum ka ja ta mita biyu, ba rabin hasken ne ke isa ba, kashi ɗaya cikin huɗu ne. Shi ya sa mutum ya yi haske bango ya mutu. Kuma shi ya sa in ka jera ƙawayen amarya sahu biyu lema na kusa, na gaba su ƙone na baya su ɓace. Ga mutum ɗaya matso da lemar sosai, har ta kusa shiga hoto, haske ya yi laushi. Ga taro ja ta baya ka ƙara ƙarfi don kowa ya samu rabonshi.

Wurin aje fitila, ka sa ta gefe tsakanin gaban mutum da kafaɗarshi, ta ɗan fi idonshi tsawo tana kallon ƙasa. Ka dubi kuncin da ke cikin inuwa, in ka ga ɗan haske mai kusurwa uku ƙarƙashin ido to ka samu abin da ake kira hasken Rembrandt, sunan wani mai zane ne na ƙasar Holan da ya rasu a 1669. Sai dai mu nan muna da abin da darussan Turawa ba su cika kulawa da shi ba, rawani da hula da ɗaurin ɗankwali da hijabi. Na taɓa ɗaukar wani dattijo Buzu da rawaninshi, ido kaɗai ke waje, na ɗaga lema sama yadda na saba sai idon ya nutse cikin duhu. Sai da na sauke ta daidai fuskarshi sannan ɗigon haske ya bayyana cikin ƙwayar idon, hoton ya tashi. Tun ranar idon nake fara dubawa kafin komi.

Farar shadda ma ka kula da ita. Farin boubou mai ƙyalli yana ruɗin TTL ya rage haske fuska ta yi duhu, dalili ke nan na ce ka zauna a M. Juya lemar ta fi kallon fuska, gehen hasken ya sauka bisa riga, aikin zaren wuya zai fito. Ɗaya gehen kuma ba sai ka sayi fitila ta biyu ba, farin soson nan na cikin kwalin firigo ko katako da anka shafa ma farin fenti, a kasuwar Katako za ka samu, wani ya riƙe maka shi kusa da kunci ya maido haske. In bangon ɗakinka shuɗi ne ko kore kar ka bar haske ya buge shi ya dawo, launin zai hau fata, kuma ka janye mutum kamar mita biyu daga bango don inuwarshi ta faɗi ƙasa.

Zafin Afrilu da Mayu kuwa ka san shi, zufa na ninka ƙyalli, ka aje mushuwar kusa mutum ya dangwala goshi kafin kowane ɗauka. Filash ɗin ma in kana ta harba shi a 1/1 zai yi zafi ya tsaya maka tsakiyar aiki, gara ka hau ISO 400 ka bar shi a 1/4. Pil masu caji saiti biyu ko uku, ka cika su duk sa'ad da kuran ke nan. A waje kuma lema iska take kamawa, a wani biki a Yantala munka juya baya minti ɗaya iska ta kada ƙafar, gindin filash ya karye, raina ya ɓaci ƙwarai don ranar shi kaɗai gare ni. Yanzu bidon ɗin ruwa lita biyar nake ratayawa a ƙafar ko yaro ya riƙe. Da rana tsaka ƙaramin filash cikin lema ba ya iya ja da ranar Yamai, ka nemi inuwa ko ka bari sai bayan la'asar bakin kogi wajen gadar Kennedy. Ranar da aikin waje ya yi maka yawa sai ka yi tunanin AD200, filash ɗin Godox da ya fi wannan ƙarfi.

In ka samu data ka nemi hotunan Malick Sidibé, mai ɗaukar hoto na Bamako, wanda anka ba kyautar Zakin Zinariya a Venise a 2007, da na Philippe Koudjina da ya ɗauki daren Yamai shekarun 1960 da 1970. Ka tsaya ka dubi inuwar hanci da hasken cikin ido, ka tambayi kanka ina fitilar take.

Satin nan ka zaunar da ƙanenka ko abokinka bisa kujera, kar ka taɓa saitin kamera, lemar kaɗai za ka riƙa matsarwa, gaba, gefe, sama, kusa, nesa, kowane wuri hoto ɗaya. Ka turo muna guda biyar nan tare da lambobin da ka sa, in sha Allah zan duba su ɗaya bayan ɗaya in gaya maka abin da na gani.