Tambayoyin Masu Karatu: Nawa Zan Ware Don Tallar Hajata a Intanet?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa, leshi da mayafai a gidana da ke Tudun Wadan Zariya, kuma ribata a wata takan kai naira dubu 150. Kwanakin baya na biya wata mai yawan mabiya a Instagram naira dubu 30 ta tallata mini kaya. Jama'a suka yi ta yabawa, amma mutum biyu kacal suka saya. Nawa ya kamata in riƙa warewa don talla, kuma ta wace hanya? Daga wata mai karatu, Tudun Wada.

AMSA: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah Ya ƙara kasuwa. Abu na farko, kuɗin talla daga riba ake cire shi, ba a taɓa uwar kuɗi, domin wadda ta ci jari a talla za ta samu masu tambaya alhali babu kayan da za ta ba su. A ganina, ga sana'a irin taki, kashi 10 cikin 100 na ribar wata ya isa a farko, wato naira dubu 15, kuma kada ki ƙara sai kin ga da idonki cewa kuɗin yana dawowa.

Ki yi lissafin abin da ya faru da ke. Naira dubu 30 a kan mutum biyu na nufin kin kashe dubu 15 kafin ki samu kowace mai saye guda, kuma da wuya ribar turmi ɗaya ko biyu ta rufe wannan giɓi. Ba lallai ne a ce an cuce ki ba. Mai yiwuwa yawancin mabiyanta suna Legas ko Abuja, inda kuɗin aike kaɗai zai sa su haƙura. Yabo da sharhi ba ciniki ba ne, kuma wannan ne abin da ya fi damuna game da mata masu sana'a a gida, domin ana auna musu nasara da abin da ba ya shiga aljihu.

Ki fara da abin da ba ya cin kuɗi. Manhajar WhatsApp Business kyauta ce, tana da wurin jera hotunan kaya tare da farashinsu, kuma hoton da aka ɗauka da hasken hantsi a tsakar gida ya wadatar. Bayan haka sai tallar da ake biya a Facebook da Instagram, waɗanda duka mallakar kamfanin Meta ne, kamar WhatsApp ɗin. Amfaninta shi ne ke ce za ki zaɓi masu ganin tallar: mata, masu shekaru kaza zuwa kaza, mazauna Zariya da kewaye, daga cikin birni zuwa Sabon Gari da Samaru, sannan ki sa duk wadda ta latsa ta faɗo kai tsaye cikin WhatsApp ɗinki. Idan kin sa naira dubu 2 a kullum na kwana 5, dubu 10 ke nan, sai harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100, wato naira 750. Ragowar 4,250 ki bar shi don data, wadda mutane da yawa ke mantawa da ita a kasafinsu.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Gwanjo ake yi a kan gurbin talla, saboda haka farashi kan hau idan 'yan kasuwa suka yi yawa, kamar dab da Sallah. Ke mai sayar da yadi, tun kafin azumi ya kamata ki fito, tunda teloli kan daina karɓar ɗinki da wuri. Haka nan idan ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello kike nema da mayafanki, kada ki kashe kuɗi a kan Samaru da Kongo lokacin hutu.

Ki tanadi littafi, ki riƙa tambayar kowace sabuwar mai saye inda ta ga kayanki, ki rubuta tare da ribar da kika samu a kanta, har da ranar da ta sake dawowa, domin mai dawowa ita ce ke biyan kuɗin tallar da ta kawo ta. Bayan wata uku ki duba littafin, ki mayar da kuɗin kan hanyar da ta fi kawo ciniki, ki dakatar da sauran.