Ku Tambayi Injiniya: Ɓarawo Ya Goge Min Log, Ya Zan Yi?

Tambaya: Salam Injiniya, dan Allah ni ne nake kula da sabar ɗin wani ƙaramin kamfani, kwanaki wani ya shigo mana ta intanet ya yi ɓarna sannan ya goge duk log ɗin (wato rajistar da sabar ke rubuta abubuwan da suka faru a cikinta), har yau ba mu san ta ina ya biyo ba. Wani ya ce in riƙa tura log zuwa wata kwamfuta ta wayar siriyal, wai da gaske wannan tsohuwar wayar tana da amfani har yanzu? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikassalam ɗan'uwa, Allah ya kiyaye gaba. Wanda ya ba ka shawarar nan ya san aiki wallahi, domin duk ɓarawon da ya samu ikon root (wato cikakken iko a kan sabar) abin da zai fara nema shi ne ya share sawunsa, in kuma ta netwok kake tura log ɗin to ita ma waccan kwamfutar zai iya lalubo ta. Dabarar ita ce ka samu kwamfuta ko tsohuwa ce, ka cire ta daga netwok gaba ɗaya, ba Wi-Fi ba kebul, abin da ya haɗa ta da sabar kawai wayar siriyal ɗin, wato RS-232, mai kan DB9 (kai mai ƙafa tara).

Ga inda daɗin yake, a kan DB9 ƙafa ta 3 ce ke turawa, ta 2 ke karɓa, ta 5 kuma ita ce ta ƙasa, wato ground. To ka sa mai gyaran rediyo ya liƙa maka waya biyu kacal da dalma, 3 ta sabar zuwa 2 ta mai karɓa, sai 5 zuwa 5, shikenan saƙo sai dai ya tafi ba hanyar dawowa. A Linux ka saita gudun wayar da umarnin stty ɓangare biyun su zo ɗaya, ka rubuta auth,authpriv.* /dev/ttyS0 cikin saitin rsyslog (manhajar da ke tura log) don ya riƙa tura log na shiga da fita ta ƙofar siriyal, ka kashe flow control, wato jiran izinin mai karɓa kafin a tura saƙo, tunda babu wayar da za ta kawo amsa. Can wajen mai karɓa kuma dan Allah ka kashe getty (manhajar da ke karɓar suna da kalmar sirri don a shiga kwamfuta) na wannan ƙofar, in ka bar shi ka buɗe wa ɓarawo wurin shiga da hannunka.

Amma fa wayar ba ta da sauri, a gudun 115200, bait (kamar harafi ɗaya kenan) 11,520 take kaiwa a daƙiƙa, a 9600 kuwa 960 ne kacal, shi ya sa na ce ka tura na shiga da fita kawai kar ka jibga mata komai da komai, kuma tsawonta kar ya wuce mita 15. Bayan ɓarawon ya shigo zai iya tsayar da turawar ko ya cika ta da ƙarya, abin da ya riga ya isa can ne dai ba zai taɓa ba, kuma nan ne za ka ga ta inda ya biyo. Mai karɓar ta riƙa buga nata lokacin a kowane layi, sannan ka ɗora ta a kan inbata, domin duk abin da aka turo lokacin da aka ɗauke wuta ya tafi kenan.