Kafin ka ba ɗan ƙanenka jari, ka gano wane ne mai manhajar

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da wayoyi da kayan gyaransu a kasuwar Farm Centre da ke Kano. Ɗan ƙanena ya shekara uku yana aikin rubuta manhaja a wani ƙaramin kamfani, kuma kullum kuka yake yi da wurin: mai kamfanin yana canza abin da yake so kowace safiya, ba a rubuta komai, albashi yana makara, idan aiki ya lalace kuma a kan yaran ake ɗora laifi. A cikin wannan hali ya rubuta wata sabar intanet mara nauyi, wato manhajar da ke miƙa wa mutane shafukan intanet da suka nema, wadda ke aiki a kan ƙaramar kwamfuta, har kamfanin ya ɗora ta a wurin abokan cinikinsa biyu. Yanzu yana so ya ajiye aikin, in ba shi naira miliyan 6 ya buɗe nasa, mu riƙa raba riba. Ya ce wani ɗan Rasha ya rubuta irinta, an saye ta da ɗaruruwan miliyoyin daloli. Yaron ɗana ne, ban taɓa kama shi da ƙarya ba. In ba shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Na karanta wasiƙarka, kuma wurin da na tsaya shi ne inda ka ce kamfanin ya riga ya ɗora wannan manhaja a wurin abokan cinikinsa biyu. Ka ambaci wannan magana a matsayin shaidar cewa aikin yaron yana da kyau, ni kuwa a wurina ita ce babbar matsalar da ke cikin lamarin, domin tana nuna cewa kana shirin zuba miliyan 6 a kan kayan da ba ka tabbatar na ɗanka ne ba. Kai da ke kasuwar waya ka fi ni sanin cewa idan yaro ya kawo maka waya mai tsada ba kwali ba rasit, ba ka tambayar ko mai gaskiya ne. Tambayarka ita ce a ina ya samo ta, kuma wa zai iya zuwa gobe ya ce tasa ce. Wannan tambayar ce ba ka yi ba, saboda mai kawo kayan jininka ne.

Ban ce yaron maƙaryaci ba ne, kuma na yarda da shaidar da ka ba shi. Mutum yana iya zama mai gaskiya ƙwarai, ya sayar maka da abin da shi kansa bai san ba nasa ba ne. Ka zaunar da shi ka tambaye shi a kan wace kwamfuta ya rubuta manhajar, tasa ko ta ofis. A wane lokaci, da dare a gida ko a cikin sa'o'in da ake biyansa albashi. A ina kuma ainihin rubutun manhajar yake ajiye a yau, a ma'ajiyarsa ko a ta kamfanin. Daga nan ka ce ya kawo maka takardar ɗaukarsa aiki, idan akwai. Kamfanonin manhaja da yawa suna sa sharaɗi a cikin wannan takarda cewa duk abin da ma'aikaci ya rubuta a bakin aiki ko da kayan aikinsu nasu ne, kuma matasa sukan sa hannu ba tare da sun karanta ba, saboda ɗokin samun aiki. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare manhajar kwamfuta kamar yadda take kare rubutaccen littafi, kuma abin da aka yi yarjejeniya a kai a rubuce yana da nauyi sosai wajen tantance mai ita. Idan kuwa babu takarda sam, kamar yadda nake zato a wurin da ka siffanta, hakan bai wanke ku ba, domin ranar da kuɗi ya fara shigowa kowane ɓangare zai tuna maganar yadda ta dace da shi.

Ɗan Rashan da ya ba ka labari sunansa Igor Sysoev, manhajar kuma ita ce nginx, kuma da ɗanka ya karanta labarin har ƙarshe da bai kawo maka shi a matsayin hujja ba. Sysoev ya fara rubuta ta a 2002 lokacin yana ma'aikaci a kamfanin intanet na Rambler, ya sake ta ga jama'a kyauta a 2004, kuma sai a 2011 aka kafa kamfani a kanta. A 2019 kamfanin F5 na Amurka ya sayi wannan kamfani a kan kimanin dala miliyan 670. A watan Disamba na wannan shekarar 'yan sanda suka shiga ofishin nginx da ke Mosko suka yi bincike, suka tsare Sysoev na ɗan lokaci, saboda da'awar cewa manhajar mallakar Rambler ce tunda yana ma'aikacinsu ya rubuta ta. A 2020 kuma aka sake shigar da ƙara a kan batun a wata kotu a Kalifoniya. Ka lura da tazarar: shekara 17 tsakanin ranar da ya fara rubutu da ranar da aka ƙwanƙwasa masa ƙofa, kuma ba a ƙwanƙwasa ba sai bayan da aka ji adadin kuɗin. Mutumin da duniya ta san aikinsa, mai lauyoyi da babban kamfani a bayansa, bai tsira daga wannan rigima ba. Mai kamfanin da ke jinkirta albashin yaransa yana ɗora musu laifi ba zai zuba ido ya ga tsohon yaronsa yana cin riba da manhajar da ke aiki a wurin abokan cinikinsa ba.

Na taɓa zama a tsakiyar irin wannan rikici. Wani matashi ya rubuta manhajar lissafin kaya yana aiki a wani kamfani, ya fita da ita, yayansa ya ba shi jari, kuma cikin 'yan watanni ya samu shagunan magani da dama suna biyansa. Tsohon maigidansa bai ma je kotu ba. Wasiƙar lauya guda ɗaya ya sa aka rubuta, aka kai kwafinta ga kowane shago, ana sanar da su cewa manhajar da suke amfani da ita ana jayayya a kan mallakarta. Na ga ɗaya daga cikin masu shagunan ya ninke wasiƙar ya sa a aljihun gaba, ya ce wa matashin cikin ladabi shi ba ya son shiga rigimar da ba tasa ba, ya roƙe shi ya zo ya cire masa kayansa kafin Juma'a. Sauran ma haka suka yi ɗaya bayan ɗaya. Jarin ya tafi a kan haya da albashi da kuɗin lauya, kuma da aka zo rabon asara sai yayan ya ce bashi ya bayar, ƙanen ya ce hannun jari ne, babu takardar da za ta raba su. Har yau 'yan'uwan nan biyu gaisuwar biki da ta jana'iza kawai ke haɗa su.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna a wasiƙarka. Duk kukan da yaron yake yi da wurin aikinsa tushensa ɗaya ne, wato rashin rubutu. Mai kamfani yana canza ra'ayi kowace safiya saboda babu takardar da aka amince a kanta wadda za a buɗe a nuna masa abin da ya nema jiya. Ana ɗora wa yara laifi saboda ba a rubuta wa aka ba wane aiki ba, da ranar da zai gama. Albashi yana makara saboda kuɗin kamfani da kuɗin aljihun maigida a tukunya ɗaya suke. Yaron ya sha wahalar wannan shekara uku, amma ga shi ya zo maka da shawarar miliyan 6 da baki, kai kuma kana shirin amsa masa da baki. Ba ku ma fara ba kun riga kun ɗauko cutar da yake gudu, kuma wanda bai taɓa ganin yadda ake tafiyar da aiki bisa tsari ba yakan maimaita abin da ya gani idan ya zama maigida, ko da ya tsane shi.

Game da mafarkin daloli kuwa, gara in gaya maka gaskiya tun yanzu: sabar intanet ba haja ce mai sauƙin sayarwa ba a yau. Aikinta shi ne ta karɓi buƙata daga wayar mutum ko kwamfutarsa ta mayar masa da shafin da ya nema, kuma waɗanda suka fi kowa iya wannan aiki kyauta ake samunsu. Apache tana nan tun 1995, lighttpd ta fito a 2003 don ta ɗauki dubban masu shiga a lokaci guda ba tare da cin ƙarfin kwamfuta ba, Caddy ta zo a 2015, ga kuma nginx ɗin kanta. Duk wanda ya so zai sauke su a yau ba tare da ya biya ko kwabo ba, kuma an shafe shekaru ana gwada su ana toshe ramukan tsaronsu. Abin da F5 ya biya kuɗi a kansa shi ne suna, da manyan kamfanonin da ke biyan kuɗin tallafi da ƙarin kayan aiki, da ɗimbin shafukan duniya da suka riga suka dogara da ita. Rubuta ƙaramar saba alama ce cewa yaron ya iya aikinsa, kuma ina yaba masa, amma babu mai shago ko mai asibiti da zai biya kuɗi don saba ba ta da nauyi. Abin da zai biya a kai shi ne lissafinsa ya ci gaba da tafiya ranar da aka ɗauke wuta kuma intanet ya yanke, sannan idan abu ya tsaya ya kira lamba a ɗauka. Idan akwai kasuwa a nan, a wannan hidimar take.

Ka yi lissafin da kanka. Idan ya ɗauki abokan aiki biyu, ya biya haya, wuta, data da zirga-zirga, ya kuma ɗauki abin da zai ci, da wuya kashe-kashensa su gaza naira dubu 700 a wata. Miliyan 6 ke nan ba za ta kai wata tara ba. Idan kowane shago zai biya dubu 15 a wata, sai ya tara shaguna kusan 47 masu biya a kan lokaci kafin kuɗin shiga ya rufe kuɗin fita, kuma kai ka san wahalar karɓar kuɗin wata-wata daga hannun 'yan kasuwa. A yanzu ba shi da ko ɗaya, domin biyun da ake magana abokan cinikin maigidansa ne.

Shawarata ita ce kada ka ba shi miliyan 6, kuma kada ya ajiye aikinsa a wannan watan. Abu na farko da za ka kashe wa kuɗi shi ne lauyan da ya san harkar haƙƙin mallaka, ya duba takardar aikin yaron da yadda aka rubuta manhajar. Idan ta tabbata akwai hannun kamfanin a ciki, sai a je wurin maigidan tun ana zaman lafiya, tun kuma manhajar ba ta kawo ko sisi ba, a nemi takarda mai sa hannu cewa ya sallama ta, ko da za a bar masa ya ci gaba da amfani da ita kyauta a wuraren nan biyu. Yau zai iya sa hannu a kan ɗan abu kaɗan, saboda bai ga kuɗi a cikinta ba tukuna. Idan ya ƙi, yaron ya bar masa ita gaba ɗaya, ya gina hidimarsa a kan ɗaya daga cikin sabobin kyauta da na ambata, a kan kwamfutar da ya saya da kuɗinsa, bayan ya bar aikin. Hakan ma zai rage masa nauyin kula da tsaron sabar da shi kaɗai ya san cikinta.

Bayan an warware wannan ne za a yi maganar jari, kuma ko a nan kashi-kashi za ka bayar. Ka fara da abin da bai wuce miliyan ɗaya ba, da sharaɗin ya kawo maka shaguna biyar da suka biya kuɗi wata uku a jere, ba waɗanda suka ce abin ya burge su ba. A yi wa kamfanin rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, a buɗe masa asusun banki na kansa, a rubuta kason kowa, a kuma rubuta cewa manhajar da sunan shafin da kalmomin sirri mallakar kamfanin ne, ba na yaron shi kaɗai ba, kuma akwai kwafinsu a hannun mutum na biyu. Ku fayyace ko kuɗin bashi ne ko jarin raba riba, domin hukuncinsu ya bambanta: a mudaraba, wato jarin raba riba, idan aka yi asara ba tare da sakaci ba, mai jari ne ke ɗaukar asarar kuɗin, shi kuma mai aiki ya yi asarar wahalarsa. Idan ba ka shirya ɗaukar wannan ba, gara ka sani kafin ka ƙirga kuɗin.

Na san abin da zai yi maka nauyi shi ne ƙanenka ya ji ka kira lauya a kan ɗansa. Ka kira shi ya zauna a wurin, ka tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kuma kafa shaidu, kuma ba ta ware ɗan'uwa ba. Shi ma ya sa hannu a matsayin shaida. Idan takardar ɗaukar aikin ta zo hannunka, ka aiko mini da abin da sashen mallakar aiki ya ce, sai mu duba mataki na gaba.