Ina taraktar a cikin lissafinka? Amsa ga mai son ƙera hannun haƙa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da tarakta guda, da ita nake yi wa mutane huɗa da haro da damina, in rani ya shigo sai ta zauna. Ƙanena mai walda ne, ya ce zai ƙera mini hannun haƙa mai bokiti a ɗaura a bayanta, da ragowar ƙarafa da tsofaffin silindodi masu motsa hannun da matsin mai. Kuɗin bai kai rubu'in na ɗan kamfani ba. A lissafina, in ina tona harsashin gini da magudanar ruwa da tafkin kifi, cikin wata 2 zan mayar da kuɗina. In shiga?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Sau biyu na karanta takardar lissafin da ka haɗo da ita, ina neman layi ɗaya, ban gan shi ba. Ka sa ƙarfe, ka sa silinda da tiyo, ka sa ladan ƙanenka, har fenti ba ka manta ba. Taraktar ce kaɗai ba ka sa ba. Ka ɗauke ta kamar abin da aka tsinta, don kawai tana zaune a gindin bishiya da rani. Nan kuskurenka yake, kuma duk sauran lissafin a kansa ya hau.

Ita ce jarinka. Ita ke ciyar da gidanka. Hannun haƙan da za a ƙera ɗan haya ne a bayanta, in ya karye ka yi asarar ƙarfe. In ya karya ta kuwa, ka yi asarar damina.

Maƙalin nan mai hannu uku da ke bayan tarakta, wato hannuwa biyu a ƙasa da sanda ɗaya a sama, wanda Harry Ferguson ya yi wa rajista a 1926, don jan garma da ɗaga ta aka tsara shi. Haƙa wani aiki ne daban. Bokiti yana danna ƙasa, yana fizgo ta, sannan ya juya gefe da kaya, kuma kowane motsi yana komawa ne kan ƙarfen zubi na jikin giyabos. Silinda mai faɗin inci 3, a matsin mai na bar 170 (bar ma'aunin matsi ne), tana tura abin da ya kusa tan 8. Wannan ƙarfin ba ya ɓacewa, sai ya sami inda zai sauka. Ga wani haɗarin kuma: a yawancin taraktoci hannuwan ƙasa ba sa riƙe abu kada ya taso sama. In ba a kafe su da ƙarfe ba, ko sandar sama ta tsinke, hannun haƙan kan ɗago da mai tuƙin ya matse shi da jikin taraktar.

Na san wani mutum da ya yi irin abin da kake shirin yi. Makonni uku yana aiki lafiya, har ya karɓi kuɗin ayyuka biyu a gaba. Ran nan bokiti ya kama saiwar wata tsohuwar bishiya, direban ya ci gaba da danna liba, sai aka ji ƙas. Da na je, ya nuna mini da yatsa: tsaga siririya kamar zare, daga inda sandar sama ke maƙalewa ta gangaro, mai yana tsattsafowa yana ɗiga a ƙasa. Ƙarfen zubi ba ya karɓar walda da sauƙi. Aka ɗinke, ya sake buɗewa. Kafin a samo wani kasko, wato jikin giyabos ɗin, a kwance bayan taraktar a mayar, ruwa ya sauka, manoman da ya shekara biyar yana yi wa huɗa sun nemi wani. Da na tambaye shi awa nawa ya yi yana haƙa, kuma nawa kowace awa ta ci masa, sai ya yi shiru. Garin neman gira ya rasa ido.

Batun wata 2 kuwa, ka cire shi daga ranka. Ka lissafa kamar kullum akwai aiki, kuma daga safe har yamma bokiti yana cikin ƙasa. Wa zai biya ka tafiya zuwa wurin aiki? Wa zai biya ranar da tiyo ya fashe? A ganina in ka sami awa 4 ko 5 ta ainihin haƙa a yini, ka gode Allah. Irin wannan ƙaramin hannun zurfinsa bai cika wuce mita 2 da 'yan kai ba, kuma kowane ɗan lokaci sai ka sauko, ka ɗage ƙafafun tsayawa, ka matsar da tarakta. Mai babban tafki zai kira katafila ta gama a yini ɗaya. Naka su ne ƙananan ayyuka da lungunan da babbar mota ba ta shiga. Akwai abinci a ciki, amma na sannu a hankali ne.

Ban ce kada a ƙera ba. Cewa na yi ka fara da littafi. Ka duba agogon awa na taraktar, ka zauna ka haɗa abin da ka kashe a damina biyu da suka wuce: dizal, man inji, tayoyi, bakanike, direba. Ka ƙara da abin da ya kamata ka riƙa warewa don ranar da za ka sauya ta. Ka raba da awannin da ta yi. Abin da ya fito shi ne kuɗin awa ɗaya kafin ka ci ko sisi. In ba ka da waɗannan a rubuce, to ko huɗar da kake yi ba ka san ribarta ba, balle haƙa. Sannan ka rubuta sunayen waɗanda suka taɓa zuwa da kansu suna neman a tona musu rami. In ba su cika yatsun hannuwa biyu ba, dakata.

Idan lissafin ya tsaya da ƙafarsa, ka gaya wa ƙanenka sharuɗɗa, kuma a rubuce, ba don ba ka yarda da shi ba. A yi wa hannun shimfiɗar ƙarfe da za ta bi ƙarƙashin taraktar har gaba ta raba nauyin. A sa masa famfonsa da tankinsa a kan shaf ɗin baya mai juyi 540 a minti. Bawul mai rage matsi da tiyo su zama sababbi, kuma kada kowa ya lalubi yoyon mai da hannu, domin yana huda fata. Wannan zai ɗaga kuɗin sama da rubu'in da ka faɗa, ka shirya.

In an gama, ka yi awa 50 da shi a filinka, kana duba kowane ɗinkin walda da safe, kafin ka karɓi kuɗin kowa. Saura wata guda ruwa ya sauka, a kwance shi a ajiye, ko da wane aiki aka kawo maka. Turo mini lissafin kuɗin awar nan in ka fitar, sai mu yi maganar farashin da za ka yanka.